Manzanni uku daga gida ɗaya

Akwai ciwon da namiji ke faɗi a bainar jama'a, akwai wanda yake raɗa wa amininsa a kunne, akwai kuma wanda ba ya samun sukunin faɗi, sai dai a ba da labarinsa wurin zaman makoki. Na farko shi ne kumburin babban yatsan ƙafa, na biyu raunin mazakuta, na uku bugun zuciya. Jama'a na ɗaukarsu baƙin juna, alhali sau da yawa manzanni ne daga gida ɗaya, wato hanyoyin jini.

Mutumin da suke ziyarta sananne ne ko ba a kama suna ba. Ɗan kasuwa ne a Maraɗi, ko shugaban biro a Yamai, ya ba arba'in baya, Allah kuma ya buɗa masa. Tun ranar da ya sayi mota ya bar tafiya ƙasa. Da safe hanta da ƙoda, da dare balangu da lemun kwalba mai sanyi, a tsakani kuwa shayi zagaye uku, sukari kamar zuma. Tumbi ya fito, aka ce wadata ce ta nuna.

Manzon farko cikin dare yake sallama. Yatsa ya kumbura yana sheƙi, da zafi kamar garwashi, ko mayafi ba ya son ya taɓa shi. Wani ya ce sanyi ne, wani ya ce sammu ya taka. Aka shafa man zafi, bayan mako guda ciwo ya lafa, aka manta. Likitoci na kiran wannan ciwo gut, tushensa kuwa wani gishirin jini ne, asid urik. Jiki ne ke yin shi yayin da yake sarrafa tsofaffin ƙwayoyinsa da abinci irin kayan ciki, jan nama, barasa da kayan zaƙi, ƙoda kuma ta fitar da kusan kashi biyu cikin uku ta fitsari. In ya haura miligiram 70 cikin litar jini, yakan daskare cikin gaɓoɓi kamar ƙananan allurai. Tun 1848 wani likitan Ingila, Garrod, ya nuna cewa jinin masu gut cike yake da shi. Maza ya fi kamawa, don jikin mace kafin ɗaukewar al'ada ya fi saurin fitar da shi.

Manzo na biyu ba ya sallama, shi ya sa ya fi ciwo. Maigida ya ga ƙarfinsa na raguwa. Ya ɗora laifi ga basir, ga gajiyar kasuwa, wani lokaci ga uwargida da ba ta ci ba ta sha ba. Yakan fara raba dare a waje don gudun kunya, ita kuma ta zaci aure yake nema, gida ya yi tsami babu wanda ya san dalili. Amma miƙewar gaba aikin jini ne. Fatar cikin jijiya na sakin wani sinadari mai sa ta buɗe, jini ya kwarara. Waɗanda suka gano aikinsa sun samu kyautar Nobel a 1998. Hawan jini, ciwon sukari, taba da kitse suna lalata wannan fata, bincike kuma ya nuna yawan asid urik na rage sinadarin.

A nan ne lissafin ya dace da hankalin ɗan kasuwa. Faɗin jijiyoyin gaba milimita 1 zuwa 2 ne, na zuciya 3 zuwa 4. In laka ta shiga rijiyoyin garka, ƙaramar hanyar ruwa ke fara toshewa kafin babba. Don haka ne raunin mazakuta kan riga ciwon zuciya bayyana da shekara 2 zuwa 5. Wannan tazara wa'adi ne da aka ba mutum ya gyara. Wanda ya ɓata shi wajen ɓoyo, manzo na uku zai iske shi a kanti ko a kan buzun salla, da nauyi a ƙirji da gumi mai sanyi.

Sai dai adalci ne a faɗi iyakar laifin asid urik. A 2022 an bayyana sakamakon wani gwaji a Birtaniya kan masu ciwon zuciya kusan 6,000 da ba su da gut: maganin alopirinol ya sauke asid ɗin, amma bai rage bugun zuciya ba. Ke nan matsayinsa na ɗan rakiya ne, wanda ganinsa ke nuna ayarin ƙiba, hawan jini, sukari da ciwon ƙoda na kusa. Korarsa shi kaɗai ba ta watsa ayarin.

Babban haɗari yana kan farantin mai tallar magani. Ƙwayar Viagra, da ta shiga kasuwa a Amurka a 1998, asalinta don ciwon ƙirji aka fara gwada ta. Wanda ya haɗa ta da maganin zuciyar nan da ake sawa ƙarƙashin harshe, jininsa na iya faɗuwa warwas nan take. An kuma sha kama zuma da garin "ƙarfin maza" da aka cakuɗa da ita a ɓoye. Ko ta yi aiki, ta rufe bakin manzo ne kurum, saƙon na nan.

Abin da ya kamaci wannan bawan Allah bai kai kuɗin ragon Layya ba: awon hawan jini, na sukari, na kitse, na ƙoda da na asid urik. Ya rage kayan ciki da lemu, ya yawaita ruwa, musamman a bazara, ya bar taba, ya taka zuwa masallaci da kasuwa. In yana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, wanda kan ƙara asid ɗin, kada ya bari da kansa, ya shaida wa likita. Mafi wuya duka shi ne buɗa baki ya faɗi abin da ke faruwa a ɗaki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma kunyar minti biyar gaban lokotoro ta fi sauƙi bisa ga barin marayu.