Goma sha huɗu da tara

A asibitocin Nijar, idan likita ya gama awo, yakan ce wa majinyaci: «Tansiyonka goma sha huɗu da tara.» Wannan ƙidaya ce irin ta Faransa, da santimita. Na'urar da ake saye a farmasi kuwa da milimita take lissafi, sai ta rubuta 140 da 90. Magana guda ce cikin harshe biyu, amma dattijon da ɗansa ya aiko masa da na'ura daga Yamai, ba a faɗa masa haka ba. Ko dai ya firgita da ganin lambar, ko ya jefa na'urar cikin akwati ya ce ta lalace.

Lamba ta sama ƙarfin jini ce lokacin da zuciya ta matse, ta ƙasa kuwa lokacin da ta saki. A asibiti, hawan jini yana somawa daga 140 da 90. A awon gida, inda hankali ya fi kwanciya, daga 135 da 85. Cutar ba ta sallama kafin ta shigo. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya nuna cewa kusan rabin masu ita ba su san suna ɗauke da ita ba. Mai jiran ciwon kai ko jiri, wani lokaci shanyewar ɓarin jiki ce ke fara kai masa labari.

Wajen zaɓe, na'urar damtse ta fi ta wuyan hannu aminci, kuma ƙyallenta ya dace da kaurin damtsen: wanda ya yi kaɗan yakan ƙara lamba. Wajen awo, a nisanci goro, taba da shayi rabin awa kafin a fara. A zauna minti biyar, baya a jingine, ƙafafu a ƙasa, damtse daidai da zuciya, baki shiru. Likitocin Faransa suna koyar da ƙa'idar uku: awo uku da safe, uku da dare, kwana uku a jere. A rubuta kome a littafi, a kai wa likita.

Babban haɗarin yana zuwa daga baya. Dattijon nan ya sha magani wata biyu, ya ga 128 da 80, sai ya ce: «Alhamdu lillahi, na warke,» ya ajiye ƙwayoyin. Alhali maganin ne ya saukar da lambar, kuma barinsa zai mayar da ita inda take. Na'ura shaida ce kurum, hukunci na likita ne.

Malamin da ke koya wa yara karatun Faransanci da na Hausa bai rasa minti goma da zai koya wa mahaifinsa karatun lambobi biyu. Ƙungiyoyin al'adu ma suna da ranar da za su soma: 17 ga Mayu, ranar hawan jini ta duniya.