Kwalliya ce ko magani? Gwagwarmayarmu da asirans

Sai da mai ɗakina ta amince na ɗauki alƙalami, domin sirrinta ne zan baje, ko wani ya tsira daga wahalar da muka sha.

A ƙasarmu ƙiba ado ce. Idan mace ta yi jiki, sai a ce maigida ya iya kiwo. Haka aka yi ta yaba mini har Hajiya ta kai kilo 108, alhali tsawonta mita 1,60 ne. Ciwon sukari ya shigo, hawan jini ya biyo baya, gwiwoyi suka gaza, har salla ta koma yi bisa kujera.

Likitanta a Yamai ya lissafa mana awon da ake kira IMC: a raba nauyi da tsawo, a sake rabawa da tsawo. Nata ya haura 42. Ya bayyana mana cewa a 1991 masana a Amurka suka aza ƙa'idar wancan lokaci: wanda awonsa ya kai 40, ko 35 tare da cuta irin sukari, ya cancanci aikin rage tumbi. A irin wanda ya ba mu shawara, ana yanke fiye da kashi biyu cikin uku na tumbi a fitar. Wata asibiti ta Tunis ta aiko da lissafi: Yuro 4000. Da yake Yuro guda sefa 655,957 ne, kuɗin ya zarce miliyan 2 da jika 600, ban da jirgi da masauki.

Hankalina kwance yake, saboda shekara da shekaru ana cire mini kuɗin inshorar lafiya, wadda muka saba kira asirans, a wurin aikina. Kada a rikita ta da CNSS, wadda aikinta fansho ne da kuɗin iyali da haɗarin aiki. Na kai takardu, bayan mako uku amsa ta zo: an ƙi. Ma'aikacin ya nuna mini wani layi mai ƙananan baƙaƙe cikin yarjejeniyar, ya ce: "Malam, wannan aikin kwalliya ne, ba ma biya." Ni kuwa ban taɓa karanta layin ba.

Da na koma gida, Hajiya ta ce: "Maigida, bar shi, kada ka ci bashi saboda ni." Wannan magana ta hana ni barci.

Daga baya na gane cewa faɗa da ma'aikaci ɓata lokaci ne, takarda ce ke magana. Ko a Faransa, inda asusun lafiya ke biyan wannan aiki, sai majiyyaci ya yi watanni ƙarƙashin kulawar likitoci, an nemi amincewa tukuna. Muka bi wannan hanya. Wata shida Hajiya na zuwa awo, ana rubuta nauyinta da abincinta da sakamakon jini. Likitan sukari da na zuciya kowanne ya rubuta cewa magani ne ake nema. Sa'an nan na roƙi a miƙa takardun ga likitan kamfanin kansa.

Suka amince, amma rabi da rabi: za su biya wani kaso na kuɗin asibiti, bayan mun biya mun kawo rasit, jirgi da masauki namu ne. Ban tashi ba sai da aka ba ni alkawarin a rubuce da hatimi. Na sayar da filina, Hajiya ta kwashi adashenta, wanta ɗan kasuwa a Maraɗi ya cika mana saura.

Abin da ba mu lissafa ba shi ne bayan aiki: ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini na tsawon rai, da gwajin jini a kai a kai, duk daga aljihuna. Wanda zai bi sawunmu ya karanta yarjejeniyarsa tun yana lafiya, ya tambayi iyakar abin da ake biya a shekara, kada kuma ya sayi tikiti sai takardar amincewa na hannunsa.

Filin ya tafi, bashin surukina bai ƙare ba. Amma ranar da na shigo da asuba na tarar da Hajiya ta yi sujada goshinta a ƙasa, ban ƙara tuna filin ba. Allah ya ba mu lafiya mai amfani, amin.