Akwatin Kayan Aikin Kawu

Duk wanda ya tashi a unguwannin da ke kewaye da Bompai, irin su Gwagwarwa da Tudun Wada da Gama da Dakata, a zamanin da masana'antu ke ganiyarsu, ya san cewa ma'aikacin kamfani ba ya fita daga gida da kayan aiki. Abin da yake ɗauka bai wuce kekensa da kwanon abincinsa ba. Idan jiniya ta yi kuka da safe tituna kan cika maƙil da kekuna, amma da wuya ka hangi mai riƙe da guduma ko sifana. Dalili kuwa shi ne, kayan aiki na kamfani ne, a can suke kwana, a can kuma ake ƙirga su.

Bompai ita ce yaya a cikin unguwannin masana'antu na Kano. Tun kafin samun mulkin kai a 1960 aka soma kafa kamfanoni a cikinta, daga baya ne aka yanka Sharaɗa da Challawa. An matse man gyaɗa a Bompai, an saƙa yadi, an yi alewa da sabulu da turare da takalman roba. A ɗakin gyara na irin waɗannan kamfanoni akan kafa wani faffaɗan allo a jikin bango, a zana surar kowane kayan aiki da fenti, sannan a rataye shi a bisa zanensa. Da zarar an cire filaya, sai zanenta ya bayyana fili, ko daga bakin ƙofa heluma zai gane cewa ba ta dawo ba. Sauran manyan kaya kuwa suna sito, sai ka sa hannu za a ba ka.

Wannan tsari ya soma rushewa ne bayan 1986, lokacin da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin tsuke bakin aljihu. Darajar naira ta faɗi, kayan gyaran injuna da ake sayowa daga waje suka yi tsada, wutar lantarki ta zama sai an ga dama, baƙin man da masaƙu ke hura tukwanensu da shi ya yi wuya, ga kuma yadin waje da ya cika kasuwa. Kamfanoni suka riƙa rage ma'aikata, wasu suka rufe ɗungurungum. A cikin waɗanda aka sallama har da kawuna, ƙanen mahaifiyata, wanda ya shekara goma sha bakwai yana aikin fita a wata masaƙa, wato mai haɗa injuna da gyara su. Shi da kansa yakan yi raha da sunan, ya ce da can sunan aikinsa fita amma yana zaune wuri ɗaya, yanzu kuwa fitar ta tabbata. Ya koma bin unguwanni yana gyaran injin niƙa da na markaɗe da janareta, da rani kuma ya leƙa fadamu wajen masu injin ban-ruwa. Ɗakin gyaran da ya saba da shi, da allonsa da sitonsa, dole ya ƙanƙance ya koma abin da hannu ɗaya zai ɗauka. A nan ne zaɓen akwati ya zama babbar magana, domin abincin mutum tara ne zai riƙa shiga cikinsa yana fita.

Ina aji biyu na babbar sakandare lokacin, ni ya zaɓa in raka shi kasuwa. Amma kafin mu je, sai da ya ɓata yini guda a tsakar gida. Ya shimfiɗa tabarma, ya zube duk kayan da ya saya da kuɗin sallamarsa, ya kasa su kashi uku. Kashi na farko waɗanda ba ya yini bai taɓa su ba, na biyu waɗanda sai jifa-jifa, na uku kuwa masu nauyi da ba za su bar gida ba sai aiki ya kira su da suna. Kashi na farko kaɗai ya yi wa lissafin akwati. Daga nan ya ɗauko zare ya auna mafi tsawo a cikinsu, wato zarton yankan ƙarfe, ya ƙara faɗin yatsu uku, ya tsinke, ya naɗe ya sa a aljihu.

Na ce, "Kawu, ai da mun je mun ga akwatunan tukuna, sai mu san abin da zai shiga."

Ya ce, "A'a, ɗan nan. In ka fara ganin akwati, shi zai faɗa maka abin da za ka ɗauka. Ni kuwa aikina ne zai faɗa mini."

Washegari muka nufi kasuwar Ƙofar Ruwa, inda ake hada-hadar ƙarafa da kayan gini da tsofaffin kayan injuna. Wanda ya fara ɗauke mini hankali wani jan akwati ne mai hawa uku, idan aka ja mariƙansa biyu sai farantansa su buɗe hagu da dama kamar fukafukai. Mai shagon ya lura da ni, sai ya juya wajen Kawu ya ce, "Alhaji, wannan ɗan Ingila ne, har jikoki za su gada." Kawu ya ɗaga shi, ya ajiye, ya ce, "Gaskiyarka, Malam, ƙarfe ne na kirki. Sai dai ba komai a cikinsa ya riga ya kai nauyin rabin kayana." Bai ƙara kallonsa ba.

Yadda ya duba sauran shi ne abin da na fi riƙewa. Bai damu da fenti ba. Yakan kife akwati ya danna gindinsa da babban yatsa, idan ya lotsa ya yi ƙara sai ya mayar. Yakan buɗe murfi ya girgiza shi, ya ga ko mahaɗinsa da gangar akwatin doguwar sanda ce da ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan, ko kuwa 'yan guntaye ne biyu da aka ɗiga wa walda. Ya fi daɗewa a kan mariƙi. A cewarsa, akwati ba ya mutuwa ta ciki, ta mariƙi yake mutuwa, saboda duk nauyin kaya a wurare biyu ƙanana yake taruwa. Idan kuma mariƙin a jikin murfi yake, to nauyin nan a kan maƙullin murfin ya rataya, ranar da ya kuɓuce kaya za su watse a tsakiyar titi. Da ya sami wanda ya yi masa, mai hawa ɗaya da faranti guda a sama, sai ya gwada zarensa, sannan ya roƙi mai shagon ya zuba masa guntayen ƙarafa har suka kusa cika shi. Ya ɗauka ya tafi ƙarshen layin ya dawo, ya sauya hannu ya sake tafiya. Mutane na kallonsa suna dariya. Da ya dawo ya buɗe tafin hannunsa ya duba ko mariƙin ya yi masa shaida, sannan aka shiga ciniki.

A yau kasuwa ta sauya. Akwatunan roba sun fi yawa, ga arha ga rashin nauyi, kuma ba na raina su. Mai gyaran wuta ma sun fi dacewa da shi, tunda roba ba ta ɗaukar lantarki. Wanda zai ajiye akwatinsa a ƙarƙashin gado don gyaran ƙofa ko famfo sau biyu a wata, shi ma ba shi da hujjar sayen ƙarfe. Amma robar da ke yini a rana ba ta daɗewa a Kano. Zafin watan Afrilu yakan haura digiri 40, a hankali robar takan ƙone ta yi fari, ta soma tsagewa, kuma daga maƙulli take farawa. Ƙarfe yana jure wannan, nasa ciwon tsatsa ne da damina, maganinsa kuwa tsumma mai ɗan mai da kuma kada a ajiye shi a ƙasa mai laima. Jakar tamfol tana da daɗin rataya, sai dai ba ta hana ƙurar hunturu shiga, bakin zarto kuma yakan huda ta. Akwai kuma batun abin hawa, wanda masu saye kan manta. Akwatin Kawu daidai bayan kekensa ya saye shi. Da aka hana goyo a kan babur a birnin Kano a watan Janairun 2013, masu gyara da yawa suka koma shiga A Daidaita Sahu, inda dogon akwati ba ya samun wuri sai a kan cinyar mai shi, ko kuwa ya biya kuɗin mutum biyu.

Cikin akwatin ne Kawu ya mayar da allon nan na masaƙa. Ya sa matarsa ta ɗinka masa wani ƙyalle mai kauri mai aljihuna a jere, kowace sifana da aljihunta, a naɗe a ɗaure. Idan ya gama aiki ya shimfiɗa ƙyallen, aljihun da ba kowa shi zai tona asirin wadda ta ɓuya a ƙarƙashin inji. Ƙyallayen ma biyu ne, domin sifanunsa iri biyu ne. Tsofaffin injunan da ya saba da su da ma'aunin inci aka ƙera su, sababbin kuwa da milimita. Rabin inci milimita 12.7 ne, saboda haka sifana mai lamba 13 za ta shiga kan notin rabin inci, amma da ɗan sako-sako, idan aka matsa mata sai ta cinye kusurwoyinsa, aikin minti biyar ya koma na yini. Ko a cikin na milimita akwai bambanci: injunan Japan sun fi son 12 da 14, na Turai kuwa 13 da 17. Wanda bai san injunan da zai riƙa gyarawa ba, ba zai san yawan aljihunan da zai ɗinka ba, balle girman akwatin da zai ɗauke su. Notuna da ƙananan ƙusoshi kuwa a gwangwanayen madara masu murfi yake zuba su, guduma da sauran masu nauyi a can ƙasa, don kada akwatin ya riƙa rinjaya.

Mai karatu zai iya cewa, to ina ruwan malamin makaranta da wannan? Ruwansa da yawa. Lokacin da aka fara aiwatar da tsarin ilimi na 6-3-3-4 a 1982, an shigo da darasin koyon fasaha a ƙananan sakandare, wanda ɗalibai ke kira Intirotek, aka kuma sayo injuna da kayan aiki masu yawa daga ƙasashen Gabashin Turai. A makarantu da dama manyan akwatunan katakon da aka kawo su a ciki sun shekara da shekaru ba a buɗe ba, saboda babu ɗakin da za a girka su, babu wuta, wani wurin ma babu malamin. Na koyar a wata makaranta inda irin waɗannan akwatuna suka zama wurin zaman masu gadi, alhali a ajin da ke kusa da su yara na zaune a ƙasa don ƙafar benci ta cire, kuma ƙusa huɗu ce maganinta. Kayan da suka fi ƙarfin ɗauka ba su taɓa isa inda ake bukatarsu ba.

Saboda haka idan aka tura ka makarantar ƙauye, ina ganin ƙaramin akwati ya ishe ka, wanda ɗan aji shida zai iya kai maka daga ofis zuwa aji ba tare da ya huta a hanya ba. Guduma da filaya da sukundireba biyu, mai baki ɗaya da mai baki huɗu, da tef ɗin awo da ƙaramin zarto da sifana mai daidaitawa da ƙusoshi, sun isa su tsayar da benci da allo da tagar aji. Sai dai akwatin malami ya bambanta da na Kawu ta fuska ɗaya. Nasa hannu ɗaya ke shiga, naka kuwa hannu arba'in ne, ga malamai abokan aiki, ga maƙwabta masu aron guduma. Don haka ka nemi wanda ke da wurin sa kwaɗo, kuma wurin ya kasance na ƙarfe ko da akwatin na roba ne. Ka rubuta sunayen kayan da adadinsu a takarda ka manna a cikin murfin, a ƙasa ka bar fili don sunan mai aro da ranar da ya karɓa. Makulli ɗaya ya zauna a wurinka, ɗaya a wurin shugaban makaranta. Kowace Juma'a kafin a tashi, sai ka sa ɗalibai biyu su zube kayan a kan tebur, ɗaya na karanta takardar, ɗaya na mayarwa, a gaban sauran 'yan ajin.