Wa Ya San Gwanin Gobe?

Hausawa sun ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ni kuwa na daɗe ina auna wannan magana da wani wasa da nake ƙauna, watau ƙwallon kwando, har na ga ya kamata in kawo muku abin da na tsinta, ku taya ni dubawa.

Ga yadda al'amarin yake. A Amurka akwai babbar gasa ta masu cin abinci da wannan wasa, ana ce da ita NBA, ƙungiyoyi 30 ke cikinta. Kowace shekara sukan zauna su zaɓi samari wajen 60, ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyoyin da suka fi shan kashi su ake ba farkon zaɓe, bayan an jefa ƙuri'a tsakaninsu, don kada mai ƙarfi ya yi ta ƙara ƙarfi. Tun daga 2006 ba a zaɓen yaro sai in zai cika shekara 19 a cikin shekarar. To, kun ga aikin da ke gaban masu zaɓe: a dubi ɗan shekara 19, a faɗi abin da zai zama in ya kai 27.

Ba da ka suke yi ba. Kafin zaɓe akan tara samarin a birnin Shikago, a auna tsayin kowa ba takalmi, a auna gabansa, watau daga yatsa zuwa yatsa in ya buɗe hannuwa, a ga iyakar tsallensa da gudunsa, likitoci su duba gwiwa da ƙafa. Akwai kuma mutanen da ba su da aiki sai yawo ƙasa ƙasa suna kallon yara suna rubutawa. Duk da haka, ku ji abin da kan faru.

A 1984 ƙungiyar Rockets ta fara zaɓe, ta ɗauki ɗan ƙasarmu Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas. Ta kuwa dace, gama ya ciwo mata kofi a 1994 da 1995. Ta biyu, Blazers, tana neman dogo, sai ta ɗauki Sam Bowie, ko da yake karayar ƙashin ƙauri ta riga ta hana shi wasa shekara biyu tun yana jami'a. Na uku da aka bari ga Bulls shi ne Michael Jordan, wanda ya ci kofi 6. Bowie ba rago ba ne, ƙafa ce ta ci amanarsa.

Bayan shekara 23 Blazers ta sake samun kanta a mararraba. A 2007 ga Greg Oden, ƙato mai ƙafa 7, ga kuma Kevin Durant, siriri kamar sillen kara, wanda a wurin gwaji ya kasa ɗaga ƙarfe mai laba 185, wajen kilo 84, ko sau ɗaya. Aka ɗauki Oden. Ciwon gwiwa ya sa wasa 105 kaɗai ya yi a gasar duk rayuwarsa. Durant kuwa ya zama gwarzon shekara a 2014.

Shi tsayi yana ruɗin masu zaɓe, domin bakin kwandon yana ƙafa 10 daga ƙasa, kuma sukan ce ana koya wa mutum jifa, ba a koya masa tsawo. Saboda haka a 1998 Clippers ta fara da Michael Olowokandi, shi ma haifaffen Legas, alhali Dirk Nowitzki sai a na 9 aka ɗauke shi. A 2009 aka ɗauki Hasheem Thabeet na Tanzaniya, mai ƙafa 7 da inci 3, a na 2, aka bar Stephen Curry har na 7 don ana ganin ba shi da jiki. A 2021 Curry ya wuce kowa a tarihin gasar wajen yawan jifa mai maki uku.

Yanzu ku juyo ga waɗanda aka rena. Giannis Antetokounmpo, ɗan 'yan Nijeriya da aka haifa a Girka a 1994, ya yi talla a titi yana yaro. A 2013 yana wasa a rukuni na biyu na ƙasar Girka, Bucks ta ɗauke shi a na 15. Shekararsa ta fari bai kai maki 7 a kowane wasa ba. Amma ya zama gwarzon shekara a 2019 da 2020, a 2021 kuma ya zuba maki 50 a wasan da ya ba su kofi. Nikola Jokić na Sabiya ya fi shi shan reni. An ce ya yi ƙiba, ba gudu, ba tsalle. Sai a na 41 Nuggets ta kira sunansa a 2014, talabijin ma a lokacin tallan abinci take nunawa. Ya zama gwarzo a 2021 da 2022 da 2024, ya ci kofi a 2023.

Wasannin nan sukan faɗo da tsakar dare a agogonmu, na kuwa sha hana idona barci dominsu. Nakan kuma yi gardama da wani abokina wanda da ya ga sabon yaro ya yi tsalle ya danna ƙwallo cikin kwando, sai ya ce an gama, gwani ya zo. Ni abu uku nake duba, ba kuwa ɗaya da ake aunawa da igiyar awo.

Na fari, ina duban abin da yaro ya ƙaru da shi daga bara zuwa bana. Wanda ya zo da abin da ba shi da shi bara, ko da jifa da hannun hagu ne, ya nuna yana jin gyara. Masu zaɓe da kansu sukan dubi jifar nan ta kyauta da ake ba wanda aka yi wa ƙeta, domin ba mai tsaronsa, hannunsa da natsuwarsa kaɗai ake gani.

Na biyu, ina duban idonsa. Shin yana ganin abokin wasansa kafin ya sami sarari, ko sai bayan an rufe? Abin da Jokić ke da shi ke nan tun yana yaro, ba kuwa ma'aunin da ke Shikago da zai nuna shi.

Na uku, ina duban hannun da zai faɗa. Olajuwon sai da ya kai wajen shekara 15 ya fara wannan wasa, dā gola ne a ƙwallon ƙafa. Yana jami'a ya riƙa gwabzawa lokacin hutu da Moses Malone, babban gwani na zamanin, can ya goge. Joel Embiid na Kamaru, da aka ɗauka a na 3 a 2014, shekara biyu cur bai taka fili ba saboda ciwon ƙafa. Ƙungiyarsa ta yi haƙuri, ya zama gwarzo a 2023. Da a wurin masu gaggawa ya faɗa, da wani labari ake yi.

Abin da ya fi damuna shi ne yaron kansa. Lambar da aka zaɓe shi da ita ra'ayin wasu ne, amma shi ke ɗaukarta a ka. In an sa shi na ɗaya bai kai ba, sai a yi ta kiransa asara har tsufansa, alhali ba shi ya zaɓi kansa ba. In an sa shi can baya, sau da yawa ba a ba shi ko minti biyar ya nuna abin da ya iya. Mu da za mu riƙe alli ya kamata mu yi tsoron wannan, gama mu ma za a ba mu takarda a ƙarshen zango a ce mu rubuta ra'ayinmu a kan yaro. Mu rubuta abin da ya yi da abin da ya rage masa, mu bar abin da zai zama ga Mai sani.

Ba na ce a daina hasashe ba. Wani lokaci Laraba takan faɗi gaskiya. An yi ta yabon Victor Wembanyama na Faransa tun kafin Spurs ta ɗauke shi na ɗaya a 2023, ya kuwa zama gwarzon sababbin shiga a 2024. Amma a Fabrairun 2025 gudan jini a jijiyar kafaɗa ya tsai da shi har ƙarshen kakar, abin da ba wanda ya hango. Saboda haka in kun ji ana cewa wane shi ne gwanin gobe, ku saurara, ku kuma ba shi shekara biyar. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Allah Ya sa mu dace, amin.