Faifan Pink Floyd a Gazawa

A cikin adakar wani tsohon malamin makaranta da ke zaune a Gazawa, bakin babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta nufi Tasawa, akwai wani baƙin faifai kwance tsakanin takardun aiki da rigar aurensa. A jikin kwalinsa an zana dala mai kusurwa uku: farin haske ya shiga ta hagu, ya fita ta dama ya zama bakan gizo. Babu suna a fuskar kwalin. Wannan shi ne The Dark Side of the Moon, wato duhun bayan wata, na ƙungiyar Pink Floyd ta Ingila, wanda ya fito a watan Maris na 1973.

Wani Bafaranshe da ya koyar da shi a makarantar horon malamai ta Damagaram ne ya bar masa shi ranar komawa gida, tare da ƙaramin garmaho mai aiki da batir. Malam yakan ce shekarar da aka buga faifan ita ce shekarar da rumbunan garinsu suka wayi gari fayau, dabbobi suka zube a daji, har yunwar ta zama ɗaya daga cikin dalilan da Seyni Kountché ya kawo lokacin da ya kifar da gwamnatin Diori a Afrilun 1974. A can Landan, a ɗakin naɗe sauti na Abbey Road, samari huɗu, Waters da Gilmour da Wright da Mason, suna waƙa kan gudun lokaci, da kwaɗayin kuɗi, da hauka, da mutuwa. A nan kuma ana tonon gidan tururuwa don neman hatsi.

Daren da ya fara ɗora masa allura a tsakar gida, abin da ya fara fitowa bugun zuciya ne, ba kiɗa ba. Can agogo barkatai suka kaure da ƙara, yara suka watse. Amma da aka iso ƙarshen gefen farko, inda Clare Torry take kwarara murya ba tare da furta kalma ko ɗaya ba, sai mahaifiyarsa ta fito daga ɗaki riƙe da fitila, ta ce: «Kai, wa ya rasu?» Ya ce: «Inna, waƙar Turawa ce.» Ta tsaya har muryar ta lafa, ta ce ita dai wannan yarinya an yi mata rashi, Allah ya ba ta haƙuri. Tsohuwar ba ta taɓa zama ajin lakwal ba, ga shi kuwa ta faɗi daidai, domin waƙar kan mutuwa aka gina ta.

Abin da Malam ya fi daraja a faifan shi ne tsarinsa. Minti arba'in da uku ne, an raba gida biyu, kuma a kowane gefe waƙoƙin suna shiga juna ba yankewa. Wanda ya ɗora allura sai ya zauna. In gefe ya ƙare ya tashi ya juya da hannunsa. Kunnen da ya saba da Bakandamiyar Shata, ko da makaɗan fada da ke kwana suna jero kakannin sarki, bai ga baƙon abu a wannan tsawo ba. Hasali ma Bahaushe bai sha wahalar raɗa wa abin suna ba, ya dubi faifan kaba da mata ke rufe ƙwaryar fura da shi, ya ce ai ga ɗan'uwansa.

Allurar ta karye tun kafin ya bar aiki, ya zaga kasuwar Maraɗi bai samu wata ba. Zafin bazara kuma ya ɗan lanƙwasa bakin faifan. A Turai an yi ta sake buga shi, an sayar da miliyoyi, har aka yi masa bugun cika shekara hamsin a 2023. Nan ne ransa ke sosuwa. Ya tuna wani mai gurmi da ke zama gindin bedi ranar kasuwa, wanda ya san sunan kowace rijiya da wanda ya gina ta, daga nan har iyakar Katsina. Babu wanda ya taɓa kai masa na'ura. Ranar da aka binne shi, tare da waƙoƙinsa aka rufe ramin. Malam yana ganin laifin nasu ne, su masu ilimin boko na lokacin, da suka iya adana kiɗan Landan cikin adaka shekara da shekaru, ba su ɗauki ko kaset ɗaya sun je gindin bedin ba.

Kwanan baya jikansa ya sauko masa da waƙoƙin duka a wayar salula. Suka zauna kan tabarma bayan isha'i. Bugun zuciyar bai yi nisa ba yaron ya miƙa yatsa zai tsallake zuwa gaba.

«Bar shi, abokina,» in ji Malam. «Ba a iso wurin yarinyar ba tukuna.»

«Wace yarinya, Kaka?»

Malam ya ɗauko kwalin ya ɗora masa a cinya, ya gyara zama.