Kabad ɗin Amarya: Kanti ko Kafinta?

Sanin kowa ne a ƙasar Hausa, idan aka sa ranar auren yarinya, nauyin kayan ɗaki a wuyan mahaifinta yake. Gado da katifa ba su cika jawo gardama ba, amma kabad, wanda a cikinsa ake jera tangaran da kwanuka, shi 'yan ganin ɗaki suke fara ɗora wa ido. A kan wannan kabad ne wani malamin firamare a birnin Kano ya kwana uku bai yi barcin kirki ba, domin saura mako 6 a yi jere, kuɗin da ya tara kuwa ba za su sayi abu sau biyu ba.

Da farko wani babban kantin zamani ya nufa, shi da uwargidansa. Tun yana yaro a shekarun 1970, lokacin da kantunan Kingsway da Leventis suke tashe, ya taso da ganin cewa kayan kanti su ne na manya. Lallai kuwa ya tarar da abin sha'awa: ga kabad yana ƙyalli, ga farashi a rubuce ba ciniki, ga rasit, kuma a ranar za a kai masa gida. Uwargida ta ce, "Malam, mu ɗauki wannan mu huta, gani ya kori ji."

Amma da ya leƙa bayan kabad ɗin, sai ya ga allon MDF ne, wato garin katako da aka cuɗa da gam aka matse, sa'an nan aka lulluɓe shi da abin ado. Irin wannan allo yana da santsi da kyan gani, sai dai idan ruwa ya shige shi yakan kumbura, ba ya kuma komawa yadda yake. In aka kwance shi don ƙaura, sukurorin ba su cika kamawa a karo na biyu ba. Amarya kuwa gidan haya za a kai ta. Bugu da ƙari, faɗin kabad ɗin ƙafa 6 ne, alhali gurbin da ke tsakanin ƙofa da taga bai kai haka ba, kanti kuma ba ya rage kaya saboda ɗakin wani.

Kashegari ya tafi Gandun Albasa, unguwar da ta yi suna wajen masu haɗa kayan ɗaki. Can ya sami wani dattijon kafinta, wanda ya ce zai je ya auna ɗakin da kansa. A nan ma hankalin Malam bai kwanta ba, domin biyan kuɗin abin da ba a riga an yi ba sayen kifi ne a ruwa. Ya san alkawarin kafinta ɗan'uwan na tela ne. Ya kuma san cewa in aka yi aiki da ɗanyen katako, da zarar iskar hunturu ta busar da shi sai ya tsuke ya tsage, murafe su karkace.

Da ya auna al'amarin, sai ya gane cewa kanti yana sayar da tabbacin rana ɗaya ne, wato ranar saye, kafinta kuwa yana iya ba da na shekaru, amma sai mai saye ya tsaya a kan kayansa. Saboda haka ya ɗauki kafintan suka tafi 'Yan Katako da ke Na'ibawa. Suka zaɓi busasshen maɗaci don ginshiƙai, suna ɗagawa suna ƙwanƙwasawa, tun da busasshe ya fi sauƙin ɗauka, ya kuma fi amo. Suka sayi fallayen filawud masu tsawon ƙafa 8 da faɗin ƙafa 4 don jiki da kantoci. Sa'an nan aka rubuta yarjejeniya a gaban shaida, aka kasa ladan aiki kashi 3: kafin alƙalami, da na ranar da aka haɗa jiki, da na ranar kawowa.

Duk da haka bai tsira daga fargaba ba. Ranar alkawari ta wuce da kwana 5, uwargida ta daina yi masa maganar kabad, shirun nata kuwa ya fi faɗa zafi. Sai ana gobe jere aka kawo shi, yana warin fenti. Da aka tura shi gurbinsa, ya zauna daram kamar tare aka gina su da bangon.

Da damina ta yi nisa, murfi ɗaya ya sha laima ya ƙi rufuwa. Yarinyar ta aiko wa babanta, shi kuma ya aika wa kafinta. Dattijon ya zo da kayan aikinsa, ya kankare gefen murfin, ya ƙi karɓar ko kwabo, ya ce, "Malam, ai sunana ne a ɗakin nan." A ranar ce Malam ya san abin da ya saya da kuɗinsa.