Tantin Auduga da Rumfar Leda

Bahaushe ya ce araha ba ta ado. Ni kuwa a ganina ko rufin asiri ba ta yi, musamman idan ana maganar abin da mutum zai fake a ƙarƙashinsa. Duk wanda ya bi hanyar Tsafe zuwa Gusau, ko ya zarce Bunguɗu a 'yan shekarun nan, ya ga rumfunan leda da na tsofaffin buhuna a kangwaye da bayan gari, inda iyalan da 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu ke kwana. An kafa su ne da niyyar zaman mako biyu ko uku, amma ga shi damina tana wucewa, wata tana riskar su a wurin.

Na fara sanin tanti ne ina ɗalibin sakandare a ƙungiyar sikawut, sa'ad da malaminmu ya kai mu gindin dutsen Kwatarkwashi muka yi zangon kwana uku. Tantin da muka kafa na tamfol ɗin auduga ne mai kauri, ya girme mu duka, jikinsa duk faci. A dare na biyu aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da farko mun ji ɗan feshi a fuska, can sai ya ɗauke, muka kwana a bushe. Da safe malam ya bayyana mana dalili: zaren auduga idan ya sha ruwa kumbura yake yi, sai ƙananan kafofin saƙar su toshe. Ya kuma hana mu jingina da jikin tantin, domin inda duk aka taɓa, nan ruwa ke samun hanya.

Wannan saƙar ita ce kuma ke barin iska ta ratsa idan tantin ya bushe. Shi ya sa a bazara ake iya zama a cikinsa da rana tsaka, alhali rumfar leda ta zama tanda. Da dare kuma leda tana tara numfashin mutane, ya koma raɓa yana ɗiga a kan jarirai. Rana tana cinye ta har ta riƙa karyewa, iskar farkon damina ta ƙarasa abin da ya rage. Tamfol kuwa idan ya yage, basilla da zare sun wadatar.

Tantin auduga yana da nasa sharuɗɗan. Yana da nauyi, yana da tsada. Idan aka naɗe shi da danshi, fumfuna za ta ruɓar da shi, idan aka bar gefensa a ƙasa, gara ta samu abinci. Babban abokin gabarsa kuma wuta ce. Alhazanmu ba su manta gobarar Mina ta 1997 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 300, har ta sa hukumomin Saudiyya suka maye gurbin tantunan auduga da waɗanda ba sa kama wuta da sauƙi. Darasin a nan shi ne a bar tazara tsakanin tantuna, a kuma nisanta murhu.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, Zamfara ƙasar auduga ce. Gusau ta yi suna da gurzar auduga, ta kuma taɓa samun masaƙar Zamfara Textile da ta ciyar da gidaje masu yawa kafin ta durƙushe. Maɗinka da masu ɗinkin tamfol na motoci suna nan a kasuwanninmu. Me zai hana gwamnati da attajirai da ƙungiyoyin agaji su haɗa kuɗin da ake kashewa a kan ledar da ba ta kai shekara, a ɗinka tantunan da za su yi shekaru, a gyara su a gida, a adana su domin ranar ambaliya ko gobara?

Na san tanti ba gida ba ne, kuma babu manomin da ke son ya tsufa a cikinsa. Maganin gaskiya shi ne tsaron da zai mayar da kowa gonarsa. Amma kafin ranar ta zo, tsohuwar da ta baro ɗakinta da rumbunta ta cancanci rufin da ba zai yage a kanta da tsakar dare ba.